Buhun Shinkafar Kawu Bala

Tun da dangi suka ji ina aikin kwamfuta na zama mai gyaran rimot da mai saita agogon waya, a wannan karon kuma alƙali. Rigimar a kan buhun shinkafa ce. Gwaggo ta rantse Kawu Bala ya yi alkawarin buhu guda na bikin autarta a zauren WhatsApp na dangi. Shi kuma ya ce "Allah Ya sanya alheri" kawai ya rubuta, addu'a kuwa ba a auna ta da kilo 50.

Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa. WhatsApp yana bari a fitar da hirar zaure a fayil ɗin rubutu, kowane saƙo da kwanan wata da lokaci da sunan mai shi. Na fitar daga wayar Gwaggo, na zuba a kwamfutata, na kira grep. Wannan ɗan tsohon umarni Ken Thompson ne ya rubuta shi a Bell Labs ta Amurka tun wajen 1973, aikinsa kuma ɗaya ne: ka ba shi kalma da fayil, ya zazzago maka duk layin da kalmar take ciki. Ba ya gajiya, ba ya kuma kara.

Na rubuta grep -i bala hira.txt, wato kada ya damu da babban baƙi ko ƙarami. Allo ya cika maƙil. Ga balaguro, ga Balarabe, ga maganar wani yaro da ya balaga, sai kuma bala'i, bala'i, bala'i, domin a zaurenmu duk ɗauke wuta sai wani ya rubuta "wannan wane irin bala'i ne". Na ƙara -w don ya kawo cikakkiyar kalma kaɗai. Balaguro ya tafi, Balarabe ya bi shi, amma bala'i ya zauna daram, saboda a wurin grep wannan 'yar alamar da ke tsakanin a da i ƙarshen kalma ce. Kawu da ke leƙe ta kafaɗata ya gyara hula.

"Kai ɗan nan, wato na'urar taka ma bala'i take kirana?"

"A'a Kawu, Hausa ce ba ta ji."

Na sake dabara. Sunan mai saƙo yana zama ne tsakanin ɗan layi da ɗigo biyu, don haka na nemi " - Kawu Bala:" daidai yadda yake. Ko layi ɗaya bai fito ba. Kawu ya miƙe yana shelar cewa kimiyya ta tabbatar bai taɓa buɗe baki a zauren ba.

Ashe fayil ɗin yana ɗaukar sunaye ne yadda mai wayar ya ajiye su. Sai na nemi addu'ar tasa, "Allah Ya sanya alheri", don in ga da wane suna ta zo. Ta fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar allo, gaban surukai da jikoki: Hannun Jarirai.

Gwaggo ta soma gyaran ɗaurin ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

"Yaya, ni ce kika ajiye haka?" in ji Kawu, har ya ruɗe ya mai da kansa mace.

Na yi maza na tace da sabon sunan, ko shinkafa za ta cece mu. Yawanci "Amin" ne, sai gaisuwar Juma'a da grep ya guntule, tunda layi-layi yake aiki, dogon saƙo kansa kawai yake kawowa. A daren da ake taƙaddama a kansa kuwa, layin Kawu cewa ya yi an cire abin da aka aiko. Saƙon murya ne. Grep ba shi da kunne, muryar kuma wani jika ya goge ta tuni don ya samu wurin zuba wasan ƙwallo.

Kawu ya ce sai an ba shi haƙuri a gaban dangi. Gwaggo ta ce ya kawo buhun, ta canza masa suna zuwa Alhaji. Kafin la'asar suka daidaita a kan abu guda: tunda ni na tono zancen, rabin kuɗin buhun a wuyana yake. Ina tattara kaya na nemi nawa saƙonnin, don in ga yadda Gwaggo ta ajiye ni. Tuzuru Mai Kwamfuta. Da ta zo karɓar kuɗin na nuna mata, ta ce in na kawo mata, za ta goge rabin farko.