Jadawalin Shara a Kafanchan

Masu sayar da injin zuƙe ƙura suna da jadawalinsu: kafet sau biyu a mako, tayil da siminti sau ɗaya ya isa. Wanda ya tsara wannan bai taɓa cin hunturu a Kafanchan ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ka share falo da safe, kafin la'asar yaro zai iya rubuta sunansa da yatsa a kan tayil, har da na babansa. Ga baƙin bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, kowa da guzurin ƙurarsa a takalmi. Damina kuwa taɓo ne, injin ba ya shan taɓo.

Shi kansa injin ɗan gata ne, sai da wuta yake motsi, wutar kuma sai ƙarfe biyun dare take leƙowa. Don haka kafet ɗin ɗakin baƙi, wanda ba a takawa sai Kirsimeti ko Sallah, shi kaɗai ke morarsa. Ledar ɗakin yara da kicin, inda garin tuwo da ɓawon citta suka yi sansani, tsintsiya ce ke zuwa safe da yamma, ba ta tambayar ko an kawo wuta.