Nawa Ake Sayar da Kilo?

Wannan labari ne, kuma ban ce da kowa nake ba. Taragun da ke cikinsa na gaske ne, garuruwan ma haka. Mutanen kuwa, duk wanda ya ga sun yi masa kama da wani da ya sani, to idonsa ne ya gane masa.

A ƙarshen shekarar 2023, wani babban mutum daga wata ƙasa mai zafin rana ya ja tawaga zuwa Ingila, domin koyo dabarun dakon kaya a jirgin ƙasa, kamar yadda takardar neman alawus ta faɗa. Ƙasar tasa ba baƙuwar dogo ba ce. An yi zamanin da ake jibge buhunan amfanin gona a bakin tasha har su tasam ma sama, jirgi ya zo ya kwashe zuwa bakin teku. Yanzu awaki ke kiwo a tsakanin layukan. Kusan duk kwanakin tafiyar a kantunan Landan suka ƙare. Ana jibi za a koma gida, wani ƙaramin ma'aikaci, wanda shi ne tafinta, shi ne mai riƙe jaka, shi ne kuma zai rubuta rahoto, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, har yau ba mu ɗauki hoto ko ɗaya a kusa da tarago ba."

Yallaɓai ya ce a nemo tarago. Aka ce akwai su jingim a Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin ƙasar, inda ake haƙar farar ƙasa.

Ba ƙaramar sana'a ba ce a wurin. Tun wajen 1746 wani mai haɗa magunguna, William Cookworthy, ya gano cewa ƙasar yankin ita ce irin wadda mutanen Sin ke yin tangaran da ita. Daga baya aka ga amfaninta ya wuce faranti da kofi: ita ke sa takarda ta yi fari ta yi santsi, ana zuba ta a fenti, a roba, har a ƙwayar magani. Da ruwa mai ƙarfi ake wanko ta daga jikin dutse, a tace, a busar. Kafin a sami tan ɗaya na mai kyau sai an zubar da kusan tan tara na yashi da tsakuwa, shi ya sa garin St Austell ke kewaye da fararen tuddai da hannun mutum ya tara. Yallaɓai ya hango su ta tagar mota, ya tambaya ko ƙanƙara ce. Da aka ce masa shara ce, ya koma kan wayarsa.

A filin ajiye jirage na St Blazey suka tarar da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin haɗa taragu, aka roƙe shi ya zagaya da baƙi. Ga taragun nan a jere, farar ƙura ta bushe a jikinsu, tsatsa ta fara cin gindinsu, suna jiran masu yanka.

Dattijon ya ce, ta bakin tafinta, "Waɗannan su ake kira CDA. A garin Doncaster aka ƙera su, guda 124, tsakanin 1987 da 1988. A watan Agustan bana suka yi dakonsu na ƙarshe. Shekara talatin da biyar ke nan."

Yallaɓai ya ƙwanƙwasa jikin ɗaya da zobensa, ya saurari ƙarar. Ya ce, "Tambaye shi, nawa ake sayar da kilo?"

Tafinta ya yi tari. Abin da ya juya wa dattijo shi ne, mai girma yana son jin tarihinsu.

Ai kuwa an sosa wa tsoho inda ke masa ƙaiƙayi. Ya ce shi da ya kama aiki ba waɗannan ba ne a kan layi. Wasu ne ƙanana, na katako, da aka ƙera a Swindon a shekarun 1950, kowanne da shuɗin tamfol da aka ɗaga a kan sandar ƙarfe don kada ruwan sama ya kwanta a kai. Farar ƙasa ba ta shiri da laima, kuma Cornwall ba ta rabo da yayyafi. Kowane tarago kimanin tan 13 yake ɗauka. Idan an isa tashar jiragen ruwa ta Fowey, sai a ɗaga shi ta baya, ƙofar gaba ta buɗe, kaya ya zube. Ɗaya bayan ɗaya, da hannu, ana kwance igiya ana ɗaurewa, cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Katako ya ruɓe, a sake. Tamfol ya yage, a ɗinke. Haka aka lallaɓa su sama da shekara talatin.

"Sai kuka yanka su," in ji Yallaɓai, ransa ya fara daɗi.

"Sai da waɗannan suka iso tukuna," in ji dattijo. Ya ce ba a ma wahalar da kai wajen zana sabon abu ba. An ɗauki fasalin taragun da ke kai gawayin kwal tashoshin lantarki, aka yi musu rufin da ake naɗewa, aka fara gwada guda ɗaya a ga ko ƙasar za ta zubo ta ƙasa ba tare da ta manne ba. Da ta zubo, aka ƙera saura. Kowanne ya ɗauki sama da tan 30, ga birki na iska. Na katakon suka ci gaba da aiki har farkon 1988, lokacin da sababbin suka kama hanya sosai, sannan aka sallame su.

Yallaɓai ya tambayi wa ya yanke ƙyalle ranar ƙaddamarwa, da yawan shanun da aka yanka, da ko an rubuta sunan wani a jikin taragun. Wannan karon tafinta ya fassara daidai, don ya gaji da rufa asiri. Dattijo ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce abin da ya tuna game da ranar shi ne an yi ruwa, kuma jirgin safe ya tashi a kan lokaci.

A nan zan ɗan tsaya, don kada mai karatu ya zaci wata doguwar hanya ce ake wa wannan hidima. Daga mahaɗar Goonbarrow, kusa da inda ake busar da ƙasar, zuwa Fowey, ba ta kai mil 20 ba. Jirgi ya gangaro Par, ya hau babban layi zuwa Lostwithiel, a can kan jirgin ya rabu da taragu ya zagayo ɗaya ƙarshen, ya ja su ta gefen kogi, ya ratsa ƙauyen Golant, ya isa Carne Point inda jirgin ruwa ke jira. Layin nan na bakin kogi tun 1965 aka daina ɗaukar fasinja a kansa. Babu mai hawa, babu mai tafa wa kowa, babu ƙuri'a ko ɗaya a cikinsa. Kaya ne kawai ya riƙe shi da rai, wani lokaci taragu 38 a jan kai ɗaya, wanda da a mota ne da an cika ƙananan titunan yankin da tireloli. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne masu aikin sun yi ta canzawa, aikin bai canza ba. Kamfanin haƙar farar ƙasar, English China Clays, da aka kafa a 1919, ya koma hannun Faransawa a 1999, sunan ya zama Imerys. Hukumar jiragen gwamnati ta watse, dakon ya koma hannun kamfanin EWS, daga baya DB Cargo ta Jamusawa. Tsofaffin kawunan jirgi samfurin 37 suka ba wa samfurin 66 wuri, waɗanda a Kanada aka ƙera. Duk wanda ya zo ya tarar da jirgin safe, ya bar shi yana tafiya. Babu wanda ya ce tunda na gabansa ne ya fara, sai an rushe an sake da sunansa.

Yallaɓai dai hankalinsa na kan abu guda. Ya ce, "To, yanzu da za a yanka waɗannan, wa aka ba kwangilar sayo sababbi? Nawa aka ware?"

Dattijo ya nuna wasu manyan taragu a ɗaya layin, dogaye, masu ƙafafu takwas. Ya ce sunansu JIA, kuma ba sababbi ba ne. Sun daɗe suna aikin dogon zango, suna kai farar ƙasa can tsakiyar Ingila. Da aka ga kaya ya ragu, kuma gyaran CDA ya fara fin amfaninsu, sai aka juyo da su wannan hanya.

"Wato ba a sayi komai ba?"

"Ba a saya ba."

"Ba kwamiti? Ba tafiya ƙasar waje duba samfuri?"

Tafinta ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ce babu."

Yallaɓai ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce da ma an gaya masa tattalin arzikin mutanen nan ya taɓarɓare, amma bai san abin ya kai haka ba.

Dattijon bai musa ba, don ba mai cika baki ba ne. Ya ce gaskiya ne sana'ar ta ja baya. A ƙarshen shekarun 1980 ana fitar da wajen tan miliyan 3 a shekara, yanzu da ƙyar ake maganar miliyan ɗaya. Ƙasar Birazil ta shigo kasuwa da tata mai araha, masu karanta jarida a takarda sun ragu. A 2006 kamfanin Imerys ya ba da sanarwar rage ma'aikata kusan 800, ba da jimawa ba jiragen ruwa suka daina lodi a tashar Par. Ya ce su ma sun taɓa cire dogo: layin da ya haɗa Par da Fowey kai tsaye an mayar da shi titin motocin kamfani a 1968, har yau manyan motoci ke bi ta cikin ramin da aka haƙa wa jirgi. Shi dai bai taɓa yafe wannan ba, amma ko a nan, in ji shi, sai da aka tabbatar da inda kaya zai bi kafin a kwance ƙusa ɗaya. Wani tsohon ramin haƙa kuma an mayar da shi lambun Eden Project, wanda aka buɗe a 2001, mutane na biyan kuɗi su shiga.

Suna cikin haka sai ga wasu mutane da kyamarori, yawancinsu masu furfura, suna leƙen taragun ta shinge, wani na rubuta lambobinsu a ɗan littafi. Yallaɓai ya gyara hula, ya zaci 'yan jarida ne suka ji labarin zuwansa. Babu wanda ya dube shi. Dattijo ya ce masoya jirgi ne, irinsu ne suka yi karo-karo suka sayi 'yan kaɗan daga cikin taragun don a adana, kamar yadda aka adana wasu na katakon, domin jikoki su ga abin da ya ciyar da kakanninsu.

"Da kuɗinsu?" in ji Yallaɓai. "Su sayi ƙarfe su ajiye, ba su narkar ba?"

Sai dattijon ya juyo da tambaya. Ya ce, "Ɗana, tambayi maigidanka, a ƙasarku shekara nawa tarago ke yi kafin ku yanka shi?"

Tafinta ya sunkuyar da kai. Ya tuna tashar garinsu, inda taragu suka tsaya tun yana firamare, ba don sun tsufa ba, sai don wani noti da ba a sayo ba, da giris da aka ci kuɗinsa. Ya tuna yadda aka fara da katakon benen, aka koma kan ƙofofi, aka zo kan ƙafafu, daga ƙarshe aka wayi gari layin kansa ya yi ƙafa cikin dare, a bayan tirela, da takardar izini mai hatimi. Ya tuna yaran da ake kamawa da buhun gwangwani ana nuna su a talabijin, alhali ƙarfen dogo guda ɗaya ya fi ƙarfin mutum goma. Ya tuna cewa su ma suna da farar ƙasa, da ake lodawa a buhu a bi da ita ta titin da ya farfashe.

Ya ɗago ya ce, "Baba, mu ba ma jira su tsufa."

Dattijo ya ce lallai ƙasarku akwai arziki.

Yallaɓai ya tambayi me ake cewa. Tafinta ya ce, "Ranka ya daɗe, yana yaba mana ne." Yallaɓai ya ji daɗi, ya sa aka ba tsohon kalanda mai hotonsa. Aka jeru a gaban taragun JIA, don sun fi kyau a hoto, aka ɗauka.

Da aka koma gida tafinta ya kwana uku yana rubuta rahoto. Ya bayyana yadda ake gwada abu kafin a saya, yadda ake ware kuɗin gyara kowace shekara, yadda ba a sallamar tsohon tarago sai magajinsa ya kama aiki, da yadda ɗan gajeren layi ke rayuwa idan an nema masa kaya na kullum. Shafi arba'in. Yallaɓai ya karanta shafin farko da na ƙarshe, ya ɗauki jan biro, ya ce rahoton ya yi tsawo, kuma yaron bai fahimci darasin tafiyar ba. Da hannunsa ya taƙaita shi zuwa layi biyu: binciken tawaga ya tabbatar da cewa ƙasashen da suka ci gaba suna yanka tsofaffin taragunsu, saboda haka a gaggauta yin gwanjon duk wanda ya rage, batun sababbi kuma a duba shi a kasafin baɗi.

An yi gwanjon ranar wata Asabar, ba a sanar a jarida ba. Kamfanin da ya ci, an yi masa rajista ranar Alhamis. Tafinta kuwa an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata tasha da ke can cikin daji, a matsayin mai kula da zirga-zirgar jirage, aka kuma gargaɗe shi da ya riƙa aiko da rahoto duk wata.