Kun Yarda da Zaƙami, Kun Ƙi Ƙwayar Likita

Ku matso kusa, ma'abota musu, yau da ku nake. Da zarar an ce taɓin hankali yana da alaƙa da sinadaran da ke cikin ƙwaƙwalwa, na san wasunku har sun ture hula gaba, sun gyara zama, jira kawai suke a kai aya su ce, "Haba Malam, rabu da zancen 'yan boko, wannan ai shafar iska ce." To ban zo faɗa ba, kuma ban zo ƙwace wa kowa tofi ko rubutu ba. Tambaya ce da ni.

Idan ɓata-gari suka zuba wa saurayi 'ya'yan zaƙami a zoɓo wurin biki, me kuke gani? Bakinsa ya bushe ƙamas, baƙin idonsa ya buɗe war, jiki ya ɗau zafi, ya shiga tsintar abin da babu a ƙasa, yana gaisawa da bango, yana kiran kakarsa da ta rasu tun yana goye. Wa ya taɓa cewa a nemo mai ruƙiya? Daga dattijo har almajiri, baki ɗaya kuke cewa, "Zaƙami ya sha." Ashe kun yarda ɗan abin da bai cika cokali ba yana iya shiga jini ya juya hankalin mutum. Kun yarda goro yana kore barci. Kun yarda da kodin ma, tunda a 2018, da BBC ta nuna yadda maganin tarin nan ke lalata matasa, gwamnatin Najeriya ta haramta shi, kuka yi ta sa albarka. Ilimin sinadaran ƙwaƙwalwa kun daɗe kuna karantar da shi a majalisa, sai likita ya faɗa kuke tuburewa.

Ga yadda abin yake. A cikin kan mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma yawancinsu ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai 'yar tazara, saƙo ba ya tsallaka ta sai an fesa wani sinadari ya je ya sauka a mazauninsa a ɗaya gefen. Wani masani mai suna Otto Loewi ya tabbatar da haka a 1921 a garin Graz na ƙasar Ostiriya, da zukatan kwaɗi biyu. Ya zuga jijiyar ɗaya har bugunta ya ragu, sai ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyun, ita ma ta rage bugu. Wato akwai wani abu a ruwan. Wannan abin shi ne asitilkolin, kuma mazauninsa ne sinadaran zaƙami, atirofin da sikofolamin, suke zuwa su toshe. Loewi ya ci kyautar Nobel a 1936. Kwaɗin kuwa ko sannu ba a yi musu ba.

Baba Alhaji, na ga ka ɗaga yatsa. Ka ce, "Wannan ai sha ya yi. Wanda bai sha komai ba fa, yarinya mai kunya, rana tsaka ta fara sambatu?" Allah ya ja zamaninka, tambayar ta yi. Amma ai jikin ne da kansa yake haɗa sinadaran, kuma duk abin da ake haɗawa yana iya lalacewa. Ƙululun da ke wuya, wanda idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo, in ya rage aiki sai mutum ya yi sanyi, ya yi shiru, duniya ta fita ransa. In ya zarce kuma, sai rawar jiki da fargaba da rashin barci. A jihohin kudu na ƙasar Amurka, farkon ƙarni na 20, gidajen mahaukata sun cika da talakawan da masara ce kusan duk cimarsu. Fatarsu ta dare, ciki ya tsure, hankali ya gushe. Likita Joseph Goldberger ya nuna abinci ne sila, daga baya aka gano sinadarin nayasin suka rasa. Da madara da nama da ƙwai aka riƙa dawo da mutane hayyacinsu.

Ga wadda ta fi kama da abin da kake nufi, Baba. A 2007 likita Josep Dalmau da abokan aikinsa suka bayyana wata cuta da ta fi kama 'yan mata, inda garkuwar jiki ke afka wa wani mazaunin saƙo a ƙwaƙwalwa. Yarinya lafiya lau, cikin 'yan makonni ta fara gane-gane, ta daina magana, baki yana motsi shi kaɗai, jiki yana murɗewa, har da farfaɗiya. Rantse, Baba, da a unguwarmu aka yi, sunan wa za a kira? Da yawansu suna warkewa idan aka ba su maganin da ke lallashin garkuwar jiki.

Magungunan taɓin hankali kuwa, kada a yi muku ƙarya wai masana sun zauna sun zana su da gangan. Yawanci tuntuɓe aka yi da su. Klofromazin, wanda tsofaffin ma'aikatan asibiti suka sani da Largactil, likitan tiyata ne, Henri Laborit, ya fara lura yana sanyaya ran masu jiran wuƙa. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada shi a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris, sai ga waɗanda suka shekara suna ihu suna jin muryoyi sun natsu. Sai bayan shekaru aka gane mazaunin dofamin yake tarewa, a kan sawun aikin Arvid Carlsson ɗan ƙasar Suwidin. Hujjar tana tafiya ta baya ma: mai ciwon kakkarwa na Parkinson, wanda dofamin ya yi wa ƙaranci, in maganin ƙara shi ya yi yawa yakan fara ganin mutanen da babu su a ɗaki. A ƙara, gane-gane ya zo. A rage, ya lafa. Litiyom kuma wani gishiri ne da John Cade ya gwada a Ostareliya a 1949, har gobe yana cikin magungunan da suka fi tasiri ga mai ciwon nan na hawa da sauka, wanda wata guda yana rabon dukiyarsa ba barci, wata uku kuma ko ƙofar ɗaki ba ya buɗewa.

Kada 'yan boko su yi saurin tafi, don yanzu na juyo kanku. Kai ƙanena mai waya a hannu, na san abin da kake shirin nuna mini. A 2022 Joanna Moncrieff ta Jami'ar UCL da ke Landan da abokanta sun tattara binciken shekaru masu yawa, suka ce babu gamsasshiyar hujja cewa ƙarancin sirotonin ne ke jawo ciwon damuwa. Ka karanta kanun labarin, ka zo kana cewa duk ƙarya ce, kamfanonin magani ne ke neman kasuwa. Rabin gaskiya ka riƙe, ɗan Baba. Lallai tun da aka amince da ƙwayar ciwon damuwa ta Prozac a Amurka a ƙarshen 1987, masu talla suka mai da zancen tamkar miyar da gishiri bai ji ba, a barbaɗa kaɗan shi ke nan. Wannan bayanin ya yi arha da yawa, kuma a nan ina bayanka. Ƙwayar tana ɗaga sirotonin cikin sa'o'i, amma sauƙi ba ya zuwa sai bayan makonni, kenan akwai wani gyara mai tsawo da ƙwaƙwalwa ke yi wanda ya wuce cika ma'auni. Kuma babu gwajin jinin da za a yi maka a ce ga adadin sirotonin ɗin kanka, balle ma mafi yawansa a hanji yake. Sai dai rushe bayani ɗaya bai rushe ƙwaƙwalwa ba. Binciken Moncrieff bai auna ko magungunan suna aiki ba. Waɗanda suka auna sun samu suna taimakon mutane da dama, wasu sosai, wasu kaɗan, wasu ko kusa.

Masu cewa komai gado ne ma ga nasu. Tagwaye masu kama ɗaya, in ciwon sikizofireniya ya kama Hassan, kusan rabin lokaci Husaini yana tsira, alhali halittarsu guda. Sauran rabin rayuwa ce. Matar da 'yan bindiga suka kashe wa miji a gabanta, magidancin da bashi ya hana barci, yaron da ya fara zuƙar wiwi tun yana ɗan sha huɗu, mai jegon da ta kwana bakwai ba ta runtsa ba, duk abin da ya same su ta kan jijiyoyin nan yake bi. Shi ya sa ƙwaya kaɗai ba ta isa, kuma shi ya sa hira da ƙwararre da kulawar dangi suke magani na gaske. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954 a Aro ta Abeokuta, inda ya saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, ana ba su magani, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Bai ga abin kunya a ciki ba.

Hajiya kuma tana can ƙurya tana cewa, "Mu da muka kai namu, ƙwayar ta mai da shi gunki, wuya a sandare, yawu na zuba." Gaskiyarki, Hajiya, hakan na faruwa, kuma dalilinsa dofamin ɗin nan ne, domin shi ke sassauta motsin jiki, in an tare shi da yawa gaɓoɓi su ƙage. Amma ki lura, da bakinki kika shaida ƙwayar ta isa ƙwaƙwalwa. Abin yi shi ne a koma wurin likita ya rage, ko ya canza, ko ya haɗa da mai warware sandarewar. Abin da aka fi yi kuwa shi ne a watsar da ita ranar da mutum ya fara gaida mutane daidai, bayan wata biyu ciwo ya dawo, a ce ai dama mun faɗa, ba na asibiti ba ne. Daga nan sai gidan mari, a sa wa marar lafiya sarƙa a ƙafa, abin da ko kawar da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka yi, tunda an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, bai sa an daina ba.

Ku yi addu'arku, ku yi tofinku, ba wanda ya hana. Ni dai na lura mafi yawan masu musun nan, in hawan jini ya taso musu, ba sa tsayawa tambayar ko jifa ne, sai dai a ji suna aiken yaro kemis. Wanda har yanzu bai gamsu ba, ya shirya ranar ganin likita ya je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ya zauna a benci cikin masu jiran karɓar magani. Na kusa da shi zai iya zama tela, ko malamar firamare, ko direban da ya kawo shi. Ya yi musun da su, sun fi ni haƙuri.