A Gaida Ernest Cline, Sarkin Masu Tuna Baya

Duk mai cewa rubuta littafi aiki ne mai wuya, a miƙa masa Ready Player One ya ga yadda gwanaye ke yi. Marubutan zamanin da sun sha wahalar banza: sai sun ƙago mutane, sun ba kowa halinsa, sun ɗora masa damuwar da za ta hana mai karatu barci. Ernest Cline, mutumin jihar Ohio ta Amurka, ya zo a 2011 ya sauke wa duniya wannan kaya. Shi ya gano cewa muddin kana tuna finafinan da ka kalla da wasannin bidiyon da ka buga kana yaro, to littafi ya haɗu, saura jerawa. Hausawa sun ce tuna baya shi ne roƙo, ga wanda ya roƙa har ya yi arziki.

Labarin a wajajen 2045 yake. Makamashi ya yi ƙaranci, yunwa ta yi katutu, talakawa na kwana a gidajen tirela da aka jibga wani kan wani a gefen birnin Oklahoma. Kowa sai ya maƙala tabarau a fuska ya tsere cikin OASIS, wata duniyar kwamfuta. Mai duniyar, James Halliday, ya mutu ba magaji, ya bar dala biliyan 240. Wani mara tunani da sai ya gina asibitoci ko ya ciyar da mayunwata. Shi kuwa bawan Allah sai ya ɓoye makullai uku, ya ce dukiyar ta wanda ya fi kowa sanin abubuwan da ya so ne a shekarun 1980. Nan take matasan duniya suka ajiye nasu zamanin, suka duƙufa karatun yarintar wani attajiri. Wace sadaka ce ta kai wannan gudana?

Sai jarumi, Wade Watts. A tsofaffin littattafai jarumi kan yi nasara da ƙarfin zuciya ko kaifin basira. Namu ya wuce nan, hadda gare shi. Makullin farko ya same shi ne da ya doke wani mataccen sarki a Joust, wasan 1982 da ake sukuwa a kan jimina. A ƙofar farko da makullin ya buɗe kuma aka jefa shi cikin fim ɗin WarGames na 1983, aka ce ya maimaita duk kalmar da tauraron fim ɗin, Matthew Broderick, ya furta, in ya yi tuntuɓe a rage masa maki. Can gaba ya sake biya fim ɗin Monty Python and the Holy Grail, wanda ya ce ya kalla sau 157. Masu hassada na cewa wannan ba jarumta ba ce. To su gwada zama a ɗaki shekara biyar ba aikin fari ba na baƙi, su gani ko wasa ne.

Da aka fara tambayar ko littafin zai yi fim, masu hangen nesa dariya suka yi. Kamfanin Warner Bros. ya riga ya sayi haƙƙin tun 2010, kafin littafin ya shiga kasuwa. Kuma me zai hana? Abin da aka dafa da finafinai ai ba ya wuyar komawa tukunya. Aka damƙa aikin a hannun Steven Spielberg, aka saki lauyoyi su bi kamfanoni suna neman izinin aron kayan mutane. Da izinin Ultraman na cikin littafin ya gagara, sai aka ɗauko Iron Giant, ƙaton mutum-mutumin fim ɗin 1999, wanda duk darasin labarinsa shi ne ya ƙi zama bindiga. A nan aka tura shi fagen fama yana ragargazar jama'a. Wannan ita ce girmamawa ta gaskiya: ka tuna surar abu sarai, ka yafe wa kanka tuna ma'anarsa.

Laifin Spielberg ɗaya, ya rage ilimi. Ya cire haddar WarGames ya sa tseren motoci, ga King Kong yana dira a kan titi, ga motar DeLorean ta Back to the Future tana shan kwana. Wai 'yan kallo ba za su jure ganin yaro yana biya karatu ba. Duk da haka fim ɗin ya fito a 2018 ya tara sama da dala miliyan 580. Ya kuma yi wa'azi mai ratsa jiki: mugu a labarin kamfani ne, IOI, mai son cika idon mutane da talla don ya tatse su. Babban kamfani ne ya kawo mana wannan gargaɗi, bayan ya baje tsofaffin hajojinsa a gabanmu fiye da awa biyu, muka biya kuɗin tikiti muka gode. A ƙarshe jarumai suka rufe OASIS ranakun Talata da Alhamis don mutane su ɗan leƙa rayuwar zahiri. Kwana biyu a mako ai sun isa gyara duniyar da ta rushe.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Cline ya nuna cewa bana ma ba dole ba ce. A 2020 ya ƙaro Ready Player Two, inda makullai uku suka koma ɓaraguzan lu'ulu'u bakwai, aka yi yawo a duniyar finafinan John Hughes, aka gwabza da mawaƙi Prince har kala bakwai. Don Allah a gaggauta mai da shi fim, kada lauyoyi su yi sanyi.

Matasan marubuta kuma ku ɗauki darasi, ku daina ɓata dare kuna ƙago sabon abu. In jikokinku sun rasa abin tunawa daga zamaninku, sai su tuna yadda kuka iya tuna na wasu. Allah ya ƙara wa malam Cline basira, ya nuna mana littafi na uku, wanda jaruminsa zai gaji duniya don ya haddace na farko.