Gwaggo, Ajiye Alif Ɗin Nan Mu Yi Magana

Alhaji, na ga ka ture hula ƙeya kana salati, wai bushewar gaban mace ba zancen da za a baje a takarda ba ne. To ai mai tallar kayan mata ranar kasuwar Awe da lasifika yake baje nasa, har da bayanin da ni ba zan iya maimaitawa ba, kuma ban ga ka toshe kunne ba. Gyara zama.

Kowa da fassararsa. Kai ka ce Hajiya ta daina son ka. Gwaggo ta ce sanyi ne ya yi mata katutu. Aminiyarta kuwa tuni ta gano mai laifi, amaryar da aka kawo bara. Kaico amarya, ko akuya ce ta yi ɓari a gidan, ita ce.

Mai laifin gaskiya ba ya ɗaura zane. Wani sinadari ne da ma'ajiyar ƙwan mace ke samarwa, likitoci na kiran sa estirojin. Shi ke sa fatar ciki ta yi kauri da laushi da damshi. Idan ya ragu sai fatar ta yi siriri, ta bushe, ta riƙa ƙaiƙayi da raɗaɗi. Yana raguwa ne idan mace ta kai shekarun daina al'ada, galibi tsakanin 45 da 55, kuma kusan rabin matan da suka wuce wannan gaɓa suna fama da abin, sai dai kunya ta rufe musu baki.

"To ni matata shekararta ashirin da biyar!" Na ji ka, ango. Waye wancan a bayanta? Goyo. Shayarwa ma tana danne sinadarin, mu kuwa nan sai yaro ya doshi shekara biyu kafin a yaye shi. Irin wannan bushewa takan wuce da kanta bayan yaye. Ciwon suga na kawo ta, haka wasu magungunan mura da ƙaiƙayi, da wasu na damuwa, da allurar tazarar haihuwa ga wasu mata, da maganin ciwon daji, da tiyatar cire ma'ajiyar ƙwai. Wadda kuma idonta da bakinta suke bushewa tare, ta faɗa wa likita, don akwai cutar garkuwar jiki mai yin haka. Akwai kuma dalilin da ba ya buƙatar asibiti: maigida mai gaggawa, wanda ko sallama bai gama ba ya kutsa ɗaki. Kada ka harare ni, ban kira suna ba.

Yanzu ke, Gwaggo. Ke da kika tashi a Awe kina ganin mata na tace ƙasar gishiri suna dafa ruwan har ya ƙafe, kin fi ni sanin aikin gishiri. Kin san idan aka barbaɗa shi a ɗanyen kifi, ruwan jikinsa yake zuƙewa. To yaya aka yi da 'yarki ta kawo kukan bushewa kika haɗa mata ruwan gishiri da alif da bagaruwa, kika ce ta zauna a ciki safe da yamma, ta kuma cusa ɗan matsi? Ni'ima kike nema mata da hannun dama, kina tsotse ta da na hagu. Abin da ake kira matsi ɗin nan, yawanci fata ce ta bushe ta kumbura. Ga sabulu mai ƙamshi, ga miski, ga wanke ciki da ruwan zafi, ga turaren tsuguno. Duk suna iya kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsaron wurin.

Kankana da kunun aya da dabino? A sha, abinci ne mai kyau, ni ma a sam min. Amma ba za su mayar da sinadarin da shekaru suka ɗauke ba.

Kun ce ai abin bai kai ya kawo ba, haƙuri ne maganinsa. Busasshiyar fata tsagewa take yi lokacin saduwa, ta yi jini, ta buɗe wa cututtukan sanyi ƙofa, har da mai karya garkuwar jiki. Zafin fitsari ya riƙa zuwa yana dawowa, Hajiya ta yi ta haɗiyar kafso daga kemis ba tare da gwaji ba. A hankali ta fara tsoron ranar girkinta, kai kuma ka fara kumbure-kumbure. Mafi muni shi ne a kira wanzami ko unguwarzoma a ce a yi yankan gishiri. Masu jinyar yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina sun san inda wannan aska take kai mace. A nan kam ba zolaya nake yi ba.

Maganin bai kai kuɗin kazar amarya ba. Akwai man santsi mai ruwa-ruwa irin K-Y Jelly da ake shafawa lokacin saduwa, akwai kuma mai riƙe damshi da ake sawa duk bayan 'yan kwanaki. A bar basilin da man gyaɗa a inda suke, suna lalata kwaroron roba. Ga wadda ta daina al'ada, likita kan rubuta estirojin na shafawa ko na sawa a ciki, kullum na kamar mako biyu, daga nan sau biyu a mako. Wadda ta taɓa ciwon dajin nono ta faɗa tun kafin a rubuta. Wanka kuwa ruwa zalla ya isa, daga waje.

Jini bayan an daina al'ada, ko ɗigo ne, ba a jira da shi, domin yana iya zama alamar dajin mahaifa. A fara da babban asibitin Awe, in sun tura Lafiya a bi ta Obi a je. Hajiya, in kunyar likita namiji ce, ki nemi ma'aikaciya mace ki ce mata, "Bushewa nake ji, da zafi." Ta ji wannan a bakin mata da yawa kafin ke. Kuɗin mota kuma, Alhaji, daga aljihun da kuɗin tsumi ke fita zai fito.