Littafi Ɗaya, Masu Karatu Iri-Iri

Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Wusasa ya ba da ƙarfinsa a kai, don haka mai bi a Kagoro ko Galmi ba zai ce harshe ne ya tare masa hanya ba. Abin da ke tare ta shi ne ɗabi'ar yagar nama a bar sa. Dubi Mai Canki-Canka: ya rufe ido, ya buɗe littafi, inda yatsa ya sauka nan ne saƙon yau, ko da jerin sunayen zuriyar Isuwa ne. Ƙaninsa shi ne Mai Aya Ɗaya, wanda ya liƙa Filibiyawa 4:13 a bayan a-daidaita-sahu, yana shiga jarrabawa da ita ba tare da ya yi bita ba. Da ya ɗaga ido zuwa ayoyi biyun da ke sama, da ya tarar Manzo Bulus, wanda ya rubuta wasiƙar yana ɗaure, yana maganar yadda ya koyi zama da ƙoshi da yunwa.

Akwai Gwarzon Janairu, mai alwashin sauke surori 1,189 kafin shekara ta ƙare. Yakan ratsa Farawa da Fitowa kamar doki ranar hawan salla, sai ya isa Littafin Firistoci a Fabrairu, dokokin kuturta su kwantar da shi sai baɗi. Akwai Uwar Madubin Maƙwabta, wadda ba ta taɓa cin karo da ayar da ta shafe ta ba. Duk tsawatarwa ta surukarta ce, kuma in fasto ya taɓo gulma takan waiga da tausayi ta dubi ta bayanta a Zumuntar Mata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi kuwa Malam Wahayi, littattafai 65 bai san inda suka dosa ba, amma na ƙarshen ya haddace, har ya gano 666 a cikin lambar BVN. Can gefe ga Mai Matashi, wanda nasa littafin ke kwana ƙarƙashin filo don korar mugun mafarki, bangonsa ya tsufa, takardunsa fil.

Cutar duka guda ce: tsinke suka zare daga tsintsiya suna mamakin ba ya shara. Marubutan ba su rubuta ayoyi a warwatse ba. Rabon surori aikin Stephen Langton ne a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa Robert Estienne ya sa su a 1551, don sauƙin nema kawai. Wasiƙa irin ta Filibiyawa ana karanta ta ne daga gaisuwa zuwa sallama, ana tambaya: wa ya rubuta, ga wa, a kan wace damuwa?

Wani zai ce wannan aikin waɗanda suka yi makarantar tauhidi ne. To, mutanen Biriya da aka yaba a Ayyukan Manzanni sura 17 ba fastoci ba ne, amma kullum suna bincika Nassi su tabbatar da wa'azin Bulus kansa. Wani kuma zai ce Ruhu Mai Tsarki ya isa malami, nazari na mene ne? Sai ya duba sura 8: Ruhun ne ya tura Filibus wurin ma'ajin sarauniyar Habasha, ya hau karusarsa ya warware masa Ishaya, domin babban mutumin bai ji kunyar cewa bai gane ba. Matambayi ba ya ɓata. Saboda haka mai bi ya ɗauki Bisharar Markus, surori 16 kacal, ya karanta ta a jere tare da mutum biyu ko uku masu iya ce masa ya yi kuskure. Uwar Madubi ma a gayyace ta, amma a zaunar da ita a sahun ƙarshe, inda babu wanda za ta waiga ta duba.