Yadda Za Ka Zama Gwanin Fassarar Mafarki a Majalisa

Sana'ar nan ba ta cin jari. Tabarma da gyaran murya sun isa, sai 'yan dabaru kaɗan.

Da farko, haddace sunayen manya: Ibn Sirin na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, Sigmund Freud, likitan Ostiriya da ya fitar da littafinsa kan mafarki a 1899, da Carl Jung na Suwizalan, abokin aikinsa da suka ɓata daga baya. Ba sai ka karanta su ba, ambato kawai ake so.

Na biyu, kada ka yi garaje. In mutum ya ce ya ga haƙoransa na zuba, ka sunkuyar da kai, ka ja numfashi, ka ce "Ikon Allah!" Littafin da ake jingina wa Ibn Sirin ya ce haƙora dangi ne. Masana halayyar ɗan Adam kan danganta shi da fargabar tsufa ko suɓucewar iko. Mai yiwuwa kuma cizon haƙora kawai yake yi cikin barci, amma wannan ka bar shi a cikinka, ba a ba da goro a kansa.

Wanda ya ga ana korar sa ƙafa ta ƙi ɗaguwa, ka ce akwai abin da yake gudu ido biyu, sannan ka rage murya: "Alhaji, yaushe rabonka da bi ta ƙofar mai shago?" Sirrin nauyin ƙafar yana cikin matakin barcin da aka gano a Jami'ar Shikago a 1953, lokacin da ido ke kai-komo, jijiyoyin motsi kuma suka saki. In mutum ya farka kafin su dawo aiki, shi ne dannau. Kada ka yi wannan bayanin a gaban Goggo, ba za ta sake gaishe ka ba.

Magidancin da ya ga kansa a ɗakin jarrabawar WAEC babu biro, Freud ya lura cewa waɗanda suka riga suka ci ne ke irin wannan mafarkin, in wani nauyi na tafe. Ka duba kalanda: ko kuɗin makaranta, ko ragon layya.

In fassara ta ƙi ci, ka ce bai ba ka labarin duka ba. In kuwa wani ya zo da murna wai ya ga ka biya shi bashinsa, ka tuna masa cewa mafarki a juye yake zuwa.